Ɓerayen Jan Kati

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Mama? Ki gaishe ta, amma kada ki karanta mata wannan takarda.

Ciwon maigidana Tela ya dawo, Yaya. Kumburin hanjin nan dai. Sau goma yake shiga bayi a wuni, har da jini. Da hannunsa ya rage ƙugun wandonsa sau biyu a wata guda, yana ta zolayata wai ya samu kwastoman da ba ya ƙorafi. Ni kuwa dariyar ba ta zuwa min. Tsoro nake ji, wallahi.

Amma ina ganin Allah ya kawo mafita, kuma a wurin aikina. Kin san ni ke kula da ɓerayen ɗakin bincike, in ba su abinci, in canza musu shimfiɗa, in auna nauyinsu. To yanzu Farfesa, shugabar ɗakin, tana gwada wani sinadari da ake cirowa daga 'ya'yan kittani, ƙananan iri ne masu santsi, ruwan ƙasa, a kan ɓeraye masu irin ciwon Tela sak. Kejin wasu da jan kati, na wasu da kore. Ba a gaya min abin da kowanne yake samu, a ƙulle ake kawo min abincinsu. Amma ai ina da ido! Masu jan kati sun murmure, gashinsu har sheƙi yake. Me zai sa haka in ba kittanin ba?

Na sayo wa Tela gwangwani guda na 'ya'yan kittanin a kanti. Cokali biyu da safe, biyu da yamma, yana korawa da ruwa. Ƙwayoyin asibiti kuwa, da ma suna kumbura masa fuska, na ce ya huta da su tukuna. Na san za ki ce rawar kaina ta motsa. Ki dai yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Mu kam ba lafiya, daga benci a bakin ɗakin marasa lafiya nake rubuto miki.

Tela yana kwance. Kwana uku babu abin da ya fita daga cikinsa, ko iska. Cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, duk abin da ya sha sai ya dawo. An zura masa roba ta hanci. Likita ya ce ciwon ya riga ya tsuke hanjin a wuri guda, kuma wani abu ya toshe wurin, shi ne bai gane ko mene ne ba. Ya tambaye ni ko Tela ya ci wani baƙon abu, ko ya daina shan magani.

Yaya, ce masa na yi a'a. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Tela ya kalle ni, ya kau da kai, bai tona ni ba.

Gwangwanin yana cikin jakata, na kasa jefarwa, na kasa nunawa. Idan na faɗa, da wane ido zan kalli danginsa? Idan na yi shiru kuma, likita na ta lalube cikin duhu a kan ran mijina. Innalillahi, ni Auta me na jawo mana?

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Yanzu kam ki karanta mata duka ukun.

Yau na je wurin Farfesa na zayyane mata komai, ina kuka kamar yarinya. Sai ta buɗe kundin gwajin ta nuna min. Masu jan katin nan, Yaya, ko ƙwayar kittani ba su taɓa ci ba. Maganin asibiti ake ba su, irin wanda na sa Tela ya ajiye. Masu kore ne ke kan kittani, shi ma tataccen sinadari ne a aune, ba iri ɗanye cokali-cokali ba, kuma ta ce har yanzu ita kanta ba ta san ƙarshen sakamakon ba. Shekara tara ina wanke keji, na ɗauka na zama likita.

Ita ta kai ni asibiti a motarta. Na ɗora gwangwanin a teburin likita na faɗi gaskiya. Bai yi min faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce yanzu ya san abin da zai tarar, gobe da safe za su yi aiki, kuma mai yiwuwa a yanke wani sashe na hanjin. Ni na sa hannu a takardar.

Da na nemi gafarar Tela, ya ce tun kwana na huɗu da fara shan kittanin ya ji abin yana murɗa masa ciki. Na ce to don me bai faɗa ba? Wai shekara biyu rabon da ya ga na miƙo masa abu babu tsoro a fuskata, shi ya sa ya ci gaba da haɗiyewa.

Ƙarfe takwas za su shiga da shi. Ki zo, Yaya, don girman Allah. Ba zan iya zaman bencin nan ni kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Auta