Kofin Shayi Mai Ɓantaren Baki

Dharan, 6 ga watan Fagun

Zuwa ga yayata Yashoda,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Yaya gwiwar Ama, mahaifiyarmu? Ki ce mata maganin nan na sha ne, ba na ajiya a ƙarƙashin filo ba. Takarda na ɗauko don na san halinki, a waya ba kya barin mutum ya kai aya.

Didi, yayata, kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Akwai wani yaro a ajina na goma, Nischal Moktan, shiru-shiru, hannunsa kuwa a zane babu na biyunsa. Makon jiya wata takarda ta faɗo daga littafinsa, wasiƙar so ce ya rubuta wa wani yaro ɗan wani ajin. I, yaro namiji, kada ki koma ki sake karantawa. Wani ƙato mai suna Bikal ya hau benci ya karanta ta da muryar mata. Kashegari su huɗu suka danne shi a bayan banɗaki, suka tsaga masa gashi, suka zuba masa sindur, jan garin nan na matan aure. Haka ya shigo aji suna ihu: "Ku ba amarya hanya! Ina angon ya maƙale?"

Ni na kai shi famfo. Jan yana bin ruwa yana gangarowa kan farar rigarsa, shi kuma sai haƙuri yake ba ni wai ya jiƙa mini sari, zanen da ke jikina.

Na kori su Bikal na kwana biyu. Amma ba wannan ne ya hana ni sakat ba. Kin san maki ashirin da biyar na aikin gwaji a hannun malamin darasi suke, kuma duk wanda bai kai goma ba ya faɗi jarabawar ƙasa tun kafin ya shiga. Malam Ghimire na kimiyya ya ba Nischal takwas. Ranar sha shida za a tura takardar makin, kuma ba ta tafiya sai da sa hannuna, tunda ni ce malamar ajin. Ban sa ba. Tana cikin jakata.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Menuka

Dharan, 11 ga watan Fagun

Didi,

Ina gaisuwa, da fatan yara sun warke daga murar. Saƙonki ya iso, wai in tuna ni malamar wucin gadi ce, kada in tsoma baki. Na tuna. Kullum sai an tuna mini.

Na tari Malam Ghimire a ɗakin malamai. Yana juya shayinsa ya ce, "Ƙanwata, ai maki ba zane kaɗai ba ne, har da ɗabi'a. Gyara shi nake yi, wata rana zai gode mini." Na ce, "Malam, su waɗanda suka danne shi fa, nawa ɗabi'arsu ta ci?" Ya ce, "Yara ne, wasa ne ya yi wasa." Na duba, Bikal ashirin da huɗu gare shi.

Daga nan na wuce wurin hedimasta Basnet, mutumin kirki mai tsoron inuwarsa. Ya ce ƙorafin maki sai mahaifi ya zo da kansa, a karanta masa dalili a gaban kwamiti. Da na gaya wa Nischal sai ya kama ƙafafuna. "Malama, don Allah a bar takwas ɗin. Baba direban bas ne, duk tasha za ta ji. Gara in faɗi." Ni da na ce kare shi zan yi, saura kaɗan in tona masa asiri da hannuna. Tun ranar nake jin haushin kaina. Na dafa miyar waken nan tamu ta dal na manta gishiri, na share ɗaki sau biyu, na fita sayen tumatir na dawo da jaka wayam.

Jiya na ce ya kawo littafin gwajinsa in gani ko akwai abin da aka riƙe. Ya yi wata 'yar dariya: "Ba ya hannuna, Malama. Tun watan Pus, wata biyu ke nan, yake yawo, kowa kwafa yake yi." Kin san yadda muke. Ɗakin gwaji a kulle yake shekara da shekaru, ɓeraye ne ke karatu a ciki, don haka mai kyan hannu ya zana, saura su ɗauka. Mu ma haka muka yi, ke ce ma kika zana mini kwaɗo, kada ki musa.

Littattafan ajin duka suna cikin kabad ɗin ofis, nasa ma an mayar da shi can. Da aka tashi na zuba su a buhun shinkafa, arba'in da ɗaya, na ɗaure a bayan babur. Maigadi ya ce, "Malama, an fara rabon tallafi ne ba a gaya mana ba?"

Zan tsaya nan. Ki taya ni da addu'a ko da ba ki yarda da ni ba.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Menuka

Dharan, 17 ga watan Fagun

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa irin ta kullum. Ki shafa mini kan autarki.

Ga abin da na gano. A shafin tsirar wake, hoton littafin gwamnati kwalbar gwaji ce. Nischal kuwa shi kaɗai ya yi gwajin da gaske. Ya jiƙa wake a kofin gilashi na shagon shayin uwarsa, mai ɓantaren baki, ya zana shi yadda yake, har ɓantaren. Didi, littafi talatin da uku na ƙirga da kofin shayi mai ɓantaren baki. Bikal har inuwa ya yi wa nasa.

Jiya, ranar turawa, lokacin shayin rana, na jera su a buɗe a kan teburin malamai, na ɗora makin kowa a kan nasa. Gani ya kori ji. Malamin lissafi ya leƙa ya ce, "Kai, mai shagon nan ta yi ciniki, kowa a kofi ɗaya ya sha!" Aka bushe da dariya, ban da mutum biyu, Malam Ghimire da hedimasta. Na ce da hedimasta, "Ban zo ƙorafi ba, Malam, ba sai an kira mahaifin kowa ba. Tambaya ce kawai. In jami'in ilimi ya ga buhun nan, me zan ce masa game da ɗakin gwajinmu?"

Basnet ya share gumi ya ce, "Ghimire, a duba lamarin nan." Malam Ghimire ya zaro biro, bai dubi kowa ba, ya ja ɗaya a gaban takwas. Sha takwas. Na ce masu kwafa ashirin da huɗu, mai aikin sha takwas? Ya ce, "In ba ki so, in goge ɗayan." Mai kai takardu yana bakin ƙofa da hular kwano a hannu, ƙarfe uku ofishin ilimi ke rufewa. Na sa hannu.

An kuma yarda Nischal ya koma bencin gaba, kuma ni zan riƙa zagaya bayan banɗaki lokacin tara. Hedimasta bai amsa gaisuwata ba yau da safe. Wannan bai dame ni ba kamar makin nan bakwai da na bari aka cinye. Na san za ki ce da babu gara ba daɗi. Ni dai ji nake kamar na yi ciniki da haƙƙin yaro, na kuma sallama da arha.

Na same shi a bakin famfo na gaya masa, ina ta kame-kame, ina cewa ya cancanci ashirin da biyar, ya yafe mini. Ya tsaya yana lissafi da yatsu, sannan ya ɗago, karon farko da ya dube ni ido cikin ido tun ranar sindur ɗin.

"Malama, kada ki damu. Sha takwas ta ishe ni in bar makarantar nan."

Shekara goma yana zuwa nan da ƙafarsa, Didi, kuma iyakar abin da yake nema a wurinmu ke nan. Sai na ce ya gyara kwalar rigarsa.

Ki gaida Ama, ki ce ina ƙaunarta. Kada ki karanta mata wannan.

Taki har kullum,
Menuka