Amosanin Kofur

Talata, 14 ga Nuwamba, 2006

Yau na kai Kofur, ɗan karen da ɗanmu Ishaya ya bari da ya tafi aikin soja, wurin malamin dabbobi. Matata Rifkatu ta rantse in ƙazuwa ce, gobe za a kai shi garin Dabai a bar shi can, saboda kada jikoki su kamu. Ashe amosani ne kawai. Garin sabulun wankin da take yi masa wanka da shi kullum ne ya busar da fatar.

Na ce mata a rage wanka, a riƙa shafa man kaɗanya. Ta ce, "Baban Ishaya, tsafta kuma ta zama laifi?"

Ɗazu na leƙa, na gan ta da shi a cinya, tana shafa masa nata man, tana cewa: "Tsaya, ɗan banza, kada ɗana ya dawo ya gan ka haka."