Wayar da Auta Ya Aiko

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya zaman ƙasar mutane? Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, yanzu har ƙofar gida take fita da kanta. Baban yara ma yana gaisuwa.

Saƙo ya iso. Abokinka Dogo, mai kawo kaya daga can, shi ya kawo mini har shago ranar Talata sati biyu da suka wuce, ina tsakiyar yanka yadi. Yau da ya ce jibi zai koma sai na ce bari in ba shi takarda, don ni da kai da mun fara magana a waya sai musu, kuma wannan karon haƙuri nake so in ba ka.

Ka tuna yadda muka yi. Tsohuwar wayata ta gaji, sai na ɗaure ta da roba kafin ta karɓi caji. Na gaya maka shagon waya na bakin titinmu yana rangwame a kan wayoyin bara, da garanti na shekara guda, da rasit mai hatimi. Ka ce kada in saya, za ka aiko mini da wadda ta fi ta. Na ce in ta lalace fa, wa zan kai wa? Ka ce irin ta can ba ta lalacewa. Ni kuma bakina ya fi ni sauri, na ce tun da ka hau jirgi komai na gida ya zama jabu a idonka. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Ka yafe mini, kai ƙanina ne amma ban kyauta ba.

Wayar kuwa ba a magana. In na ɗauki hoton riga, launin yadin yana fitowa yadda yake, ba kamar da ba, da shuɗi ke komawa toka har kwastoma ta ce ba shi ta zaɓa ba. Bakin cajar ne kawai ya ƙi shiga soket ɗinmu. Baban yara ya yi ta juya shi kamar mai neman ƙofar gidan da bai sani ba, daga baya ya sayo ɗan abin da ake haɗawa.

Abin da na tara don wayar na ƙara na sayi keken da ke ɗinke bakin yadi. Kuma ga albishir: shugabar sabuwar makarantar da ke bayan kasuwa ta ga hotunan aikina, ta ba ni ɗinkin kayan makaranta na yara sittin. Awon kowane yaro da sunansa duk na zuba su a wayar, na huta da tarkacen takardu.

Ƙorafi ɗaya gare ni. Inna tana son ganin fuskarka. Kullum sai ka ce sabis ba kyau, sai dai murya. Ka daure ka nemi inda yake da kyau.

Allah Ya tsare ka, Ya yi wa nemanka albarka.

Taka har kullum,
Yayarka

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi da kowa.

Na gaya maka ta wayar Baban yara cewa wayar ta mutu, amma ban ba ka labarin duka ba. Sati shida cif ta yi a hannuna. Ranar Litinin da hantsi ina duba awon wata yarinya, gilashin ya yi wani kore, ya ɗauke. Ana kira tana ƙara, amma ba a ganin komai. Na kashe, na kunna, na sa caji, har hura mata iska na yi kamar garwashi.

Lokacin yara ashirin da biyu kawai na ɗinka wa. Awon sauran yana ciki. Haka na ɗauki tef da littafi na koma makarantar, kwana uku ina tsayawa a bakin aji lokacin tara ina auna yara, wannan ya gudu, wancan ya ƙi miƙa hannu. Shugabar ba ta yi mini faɗa ba, ta dai dube ni ta ce ta ɗauka na fi haka tsari. Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Na kai wayar wurin mai gyara, wanda ke ƙarƙashin bene kusa da masu sayar da takalma. Ya buɗe, ya daɗe yana dubawa da ɗan madubinsa, ya ce irin wannan ba don kasuwarmu aka yi ta ba, gilashinta ba ya zuwa nan. Wanda ake samu ya yi kama da shi, amma bakin da ake haɗawa daban ne. Ya ce in gwada ofishin kamfanin.

Na je. Wuri ne mai sanyi, da kujeru a jere, kowa riƙe da lamba. Na yi awa biyu kafin a kira ni. Matar da ke kan tebur mai kirki ce. Ta karɓi kwalin, ta buga lambar da ke jikinsa a kwamfuta, ta ce, "Garantinta bai ƙare ba, saura wata biyu. Amma a ƙasar da aka saye ta kaɗai yake aiki, mu nan ba za mu iya taɓa ta ba."

Na ce wata biyu kamar yaya, wayar da ko wata biyu ba ta yi ba? Ta ce an fara amfani da ita wata goma da suka wuce. A raina na ce shi ke nan, an cuci yaron nan, an sayar masa da tsohuwa a kwalin sabuwa. Har na fara shirya faɗan da zan yi maka. Sai ta juyo da kwamfutar ta ce ga sunan wanda ya yi mata rajista, ko na san shi.

Sunanka ne, Auta. Cikakke, da na Baba a ƙarshe.

Ban san yadda na fito daga wurin ba. A mota na wuce inda zan sauka, sai da na dawo da ƙafa.

Jiya Dogo ya zo. Na rufe ƙofar shago, na ba shi kujera, na ce yau ba zai fita ba sai ya gaya mini gaskiya. Kada ka ga laifinsa, ya yi ta kewaye-kewaye har ya ga ba mafita. Ya ce ma'ajiyar kayan da kake aiki ta rage ma'aikata wata huɗu da suka wuce, kana cikin waɗanda aka sallama. Ya ce yanzu aikin yini kake bi, wani satin a samu, wani satin babu. Ya ce ranar da na yi maka maganar rangwamen nan ka riga ka yi mini alkawari tun bara cewa wayata ta gaba kai za ka saya, sai ka goge taka tas, ka mayar da ita kwalinta, ka koma riƙe ƙarama mai madannai. Wato sabis ɗin da ba shi da kyau ke nan.

Na yi kuka a gaban Dogo, ban ji kunya ba. Wani ɓangaren kukan na tausayi ne, wani na haushi. Mai neman aiki a ƙasar mutane shi ya fi kowa bukatar waya mai kyau. Da ita ake ganin inda ake ɗaukar ma'aikata, da ita ake tura takardu. Ka cire ta daga hannunka ka ba ni don kawai kada in ce ka kasa. Ni da na goya ka, ni za ka yi wa kara irin ta baƙo? Kuma ina nan ina yaba launin yadi, ina ce maka ka nemi wuri mai sabis.

Ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Wayar tana cikin kwalinta a jakar Dogo, da cajarta. Matar ofishin ta ce in ka kai ta can da rasit ɗinka kafin wata biyun su cika, gyaran kyauta ne, tunda ba faɗuwa ta yi ba kuma ba ruwa ya shiga ba. Abu ɗaya ta ja mini kunne a kai: mai gyara ya buɗe ta, wataƙila su yi gardama. Na koma wurinsa, ya rantse bai cire komai ba, bai yaga ko takarda ɗaya a ciki ba, ya rubuta haka ya sa hannu. Takardar tana cikin kwalin. Ka gaya musu gaskiyar yadda aka yi. Kada ka bari satin nan ya wuce.

In an gyara, taka ce. In ka sake aiko mini da ita, da Dogo za ta koma a ranar.

Ban gaya wa Inna komai ba. Baban yara kaɗai ya sani, shi ma ya ce in gaya maka ba a kanka aka fara rasa aiki ba, shi sau biyu ya rasa kafin ya aure ni.

Ka ci abinci. Ka rubuto mini.

Yayarka mai ƙaunarka

*

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Rubutunka har yanzu kamar kaza ta bi ta kan tawada, amma na gane komai. Ba sai ka ba ni haƙuri shafi biyu ba, layi ɗaya ya isa.

Na yi murna da suka karɓi wayar, ko da sun sa ka zirga-zirga har sau uku. Na fi murna da aikin da ka samu. Kwana uku a sati ba kaɗan ba ne ga wanda ya fito daga babu. Allah Ya sa su mayar da kai na dindindin.

Na gama kayan makarantar, na makara da kwana biyar. Shugabar ta duba ɗinkin ciki da waje, sai shekaranjiya ta aiko in zo in auna malamai. Ranar da aka biya ni kuɗin kayan yaran na wuce shagon bakin titi. Rangwamen ya ƙare, amma saura guda ɗaya, wadda suke ajiyewa a gilashi don nuni. Mai shagon ya gane ni, ya ce, "Hajiya, ba ke ce ta ƙasar waje za ta zo miki ba?" Na ce ta zo, ta gaishe mu, ta koma. Ya yi dariya ya bar mini ita a farashin rangwamen, da garantinta cikakke. Na sa ya rubuta lambar wayar a rasit, ya buga hatimi a gabana.

Kada ka ce ina yabon tawa. Hotonta bai kai na taka ba ko kusa, ja yana fitowa kamar an wanke shi sau goma. Kuma sati biyu da sayenta lasifikar ta fara shaƙewa. Na mayar, suka riƙe ta kwana huɗu, suka canja abin, ban biya komai ba. Bambancin ke nan kawai. Taka ta fi kyau, tawa ta san hanyar asibitinta. Awo kuwa yanzu a littafi nake fara rubutawa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na rubuto maimakon in kira, don duk lokacin da na kira ka Inna tana gefena.

Ranar da ka yi mana kiran bidiyo, ka ga yadda ta yi ta dariya tana cewa ka yi ƙiba. Bayan ka kashe, ta daɗe tana kallon wayar. Sai ta ce, "Ya rame." Na ce aiki ne. Ta ce, "Wane aikin? Mai aiki ba ya kiran uwarsa ranar Litinin da ƙarfe sha ɗaya na safe ya yi rabin awa yana tambayar ta lafiyar maƙwabta. Tun watan farko na sani."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba. Ta ce ka ɓoye ne don kada hankalinta ya tashi, ita kuma ba ta da abin da za ta ba ka a lokacin sai ta bar ka ka ɗauka ka yi nasara. Ta ce duk watannin nan abin da kake matsawa ka aiko mata ba ta taɓa shi ba, yana nan a ƙulle cikin akwatinta, naka ne ranar da ka bukata. Ta ce in ka zauna can ɗanta ne kai, in ka dawo gobe da jaka ɗaya ɗanta ne kai. Sannan ta ce kada in kuskura in gaya maka ta sani.

To, ga shi na gaya maka. Na gaji da gidan da kowa ke ɓoye wa kowa abu don ƙauna. Kai ka ɓoye mata, ita ta ɓoye maka, ni ina tsakiya ina haɗiye maganar mutum biyu.

Ranar Asabar da yamma zan kai mata wayar ɗakinta, in jingina ta da filo, in ja ƙofa in koma shago. Ka kira. Ka faɗa mata da bakinka. Ba za ta yi mamaki ba, amma ta daɗe tana jiran ta ji daga gare ka.

Yara suna gaishe ka, Baban yara ma haka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka,
Yayarka