Wayar Haƙoran Zulaikha

Kazaure, 9 ga Maris

Zuwa ga maigidana, Baban Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Fatakwal? Mu'azzam na gaishe ka, Hajja Kaka ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Na rubuto ne don na kasa faɗa maka a waya. Ka tuna bara da muka kai Zulaikha wajen likitan haƙori a Kano, ya ce haƙoranta na gaba da suka turo za su gyaru da wayar ƙarfe da ake ɗaura wa haƙora, amma sai an shekara biyu. Ka ce a bari ka dawo. Ban bari ba. Wata maƙwabciya ta haɗa ni da wani mutum da ya ce ya taɓa aiki a asibiti, ya yi alkawarin gamawa cikin wata huɗu, kafin bikin kammala kwalejinta. Na so ta yi hoto tana dariya kamar sauran 'yan mata.

Duk Juma'a yakan zo gida ya ƙara ɗaure wayar da ya sa mata. Zulaikha ta ce min zafin ya yi yawa, tuwo ma sai ta dama shi da miya take haɗiya. Na ce ta daure. Sau biyu ni da bakina na ce masa ya ƙara matsewa, lokaci na tafiya.

Shekaranjiya tana alwala ta kira ni, ta taɓa haƙorinta na gaba da yatsa, na ga yana rawa. Dasashinta ya kumbura, yana jini. Mutumin ya daina ɗaukar wayata. Gobe yaya Lauwali zai kai mu Kano. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Zubaida

Kazaure, 21 ga Maris

Baban Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan tarin da ka ce yana damun ka ya lafa.

Likitan bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire wayar, ya ɗauki hoton muƙamuƙinta, ya zaunar da ni ya nuna min. Ya ce haƙori a cikin ƙashi yake zaune, da wasu siraran jijiyoyi da suka riƙe shi. In an tura shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yakan narke kaɗan-kaɗan, wani sabo ya tsiro a bayansa, shi ya sa aikin ke cin shekaru. In aka matsa da ƙarfi, jini ya daina kai wa wurin, saiwar haƙorin da kanta ke cinyewa. Na ga saiwoyin nata a hoton, guntaye, rabinsu ya tafi. Na tambaye shi ko za su sake tsirowa. Ya ce a'a.

Haƙora biyun sama an cire su ranar Talata. Na gefensu yana sa ran za su tsaya. Sa mata na roba kuma sai dasashin ya warke.

Zulaikha ta koma makaranta jiya, da bakin hijabinta a kan leɓe. Ita da ba ta rufe baki a gidan nan, yanzu da gyaɗa kai take amsawa.

Yau da za ta fita ta iske ni da takardar nan. Ta roƙe ni in rubuta maka cewa ita ta nace, ita ta samo mutumin, don kada ranka ya ɓaci da ni. Na ce to, don ta tafi hankali kwance. Ba haka aka yi ba. Yarinyar nan ba ta taɓa cewa haƙoranta sun dame ta ba, sai da na yi ta faɗa mata.

In ka kira ta, kada ka nuna ka sani.

Matarka,
Zubaida