Tsohuwar da Ta Daina Shan Ruwa

Zuwa ga yayata, Ate Perlita,

Ina gaisuwa. Ya jikin mahaifiyarmu Nanay, ya yara? Ni lafiya lau a Winnipeg, ciwon bayan ne kawai, shi ma da sauƙi. Kwalin sabulu yana hanya.

Akwai wata Misis Friesen a gidan tsofaffin da nake aiki. Kullum na zo canja mata famfas sai in tarar da shi kusan a bushe, har yabonta muke yi. Ashe ruwa ta daina sha don kada ta jiƙa shi. Ɗan fitsarin da take yi ya yi kauri, ya ci fatarta har ta saɓule. Na ce, "Haba Misis Friesen, don me?" Ta ce, "'Yar nan, hannunki biyu, mu kuwa ga mu rututu." Gyambon bai warke ba. Ranar Talata aka binne ta.

Ate, shekaranjiya a waya Nanay ta ce mini yanzu ba ta jin ƙishirwa, ke ma kin ce wankin zanen gado ya ragu. Don Allah in kin ba ta ruwa, kada ki karɓi kofin sai kin ga ta shanye. Bar ta ta jiƙa zanen.

Allah ya saka miki.

Ƙanwarki,
Nenita