A Bar Wa Iya Kande Tukunyarta

Zuwa ga ƙanena Malam Idi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Ikko? Yaya Hajiya da yara, yaya ƙafar taka? Mu nan Mairuwa lafiya lau, dawa ta shigo gida, alhamdulillahi.

Maganar bikin ɗanka Nura ce ta hana ni sukuni. Jiya ya kawo mani masu girkin haya daga Funtuwa. Shugabarsu ta buɗe takarda ta ce, "Baba, mutum nawa za a dafa ma?" Na ce, "Ɗiyata, a gidan nan ba mu ƙirga baƙo."

Na ga aikinsu a wani biki a Daudawa. Shinkafa a roba, kowa ɗaya, waɗanda suka makara suka koma da yunwa. Mutanenmu na garin Ketare kuwa kullum sai la'asar suke isowa. Ka manta ubansu ne ya ciyar da gidanmu shekarar da fari ya cinye gero? Tun lokacin ƙafar bijimi da babban akushi nasu ne a kowane biki. Wannan ba ya cikin takarda, yana kan Iya Kande, wadda ta tuƙa tuwon aurenka.

Ta ji labari. Da safe ta aiko a ɗauko mata muciyarta da ke ajiye a gidanmu.

Nura ya ce na tsufa. To, ka kira shi, ɗanka ne. Muciyar dai na hana a bayar, tana ɗakina har in ji daga gare ka.

Ka sa mu a addu'a. Ka gai da Hajiya da jikoki.

Yayanka,
Audu