Ranar Sunan Jikana

Daren Asabar, Dandin Mahe

Alhamdulillahi, yau na riƙe bakina, ban watsa taron suna ba.

Tun jiya ɗiyata Hajo ke roƙona: "Baba, ko mi ka ji gobe, don Allah ka yi shiru. Gidan nan nika aure."

Da safe munka taru ƙofar gidan Umaru, uban mijinta, mutumin da ya ci min iyakar gonar albasa. Liman ya raɗa suna: Umaru! Ni ko nawa nika jira. Raina ya ɓaci, har na dafa sanda zan miƙe in zazzage abin da ke cikina. Sai na tuna Hajo. Na cusa goro a baki, na yi ta tauna.

Da anka shafa fatiha, Umaru ya matso. "Tsoho sarkin rigima, iyayen yaro na kunyar kiran sunana. Kai za ka ba shi laƙabi."

Na ce Nomau, sunana ke nan.

Kafin azahar mata na ta Nomau, Nomau. Umaru ya riƙe sunansa, nawa gari zai kira. Iyaka dai ban yafe ba, amma yau barcina mai daɗi ne.